Yadda Na Kusa Rasa Hannuna Saboda Jitar Bes

Assalamu alaikum 'yan uwa makaɗa, musamman ku masu riƙe da bes. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin amma duk sanda na ɗauko waya sai zuciyata ta yi nauyi in ajiye. Abinda yasa yau na daure, wani yaro na gani jiya a wajen gwaji, ana gama waƙa ɗaya sai ya sauke hannunsa ƙasa yana yarfewa kaman wanda ya taɓa ruwan zafi, ya ɗan waiga ko wani ya ganshi, sannan ya ci gaba da kiɗa. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na san wannan yarfe hannun, nima da shi na fara.

Tun ina ɗan shekara 9 ko 10 sautin bes ya shiga raina tun ban ma san sunansa ba. Kawuna yana da rediyo mai kaset da wata ƙatuwar sifika da ya haɗa da hannunsa cikin akwatin katako, shi kuma rege yake so, ni kuma sai in je in zauna a ƙasa in jingina bayana da akwatin. Sauran yara waƙar suke bi, ni kuwa wani abu ne mai gurnani can ƙasa yake riƙe ni, ba a kunne nake jinsa ba a ƙirji nake ji. Wata rana nace Kawu wai meye wannan mai yin kaman bugun zuciya, yayi dariya yace ai bes kenan, jita ce mai tsirkiya huɗu. Sai bayan shekaru na gano cewa mutumin da nake ji a yawancin kasakasan nan Aston Barrett ne, wanda ake kira Family Man, mai bes na ƙungiyar Wailers ta Jamaika. Na kuma gano dalilin da yasa ƙirji ke ji, tsirkiyar da tafi kauri wato E kusan sau 41 kawai take kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, irin wannan sautin ba kunne kaɗai ba, jiki ma yana jinsa.

Ina shekara 17 na samu bes ɗina ta farko, ta hannu ce, kwaikwayon wata bes ta kamfanin Fender mai suna Precision, kuma wuyanta ya lanƙwashe kaman baka. Tazarar dake tsakanin tsirkiya da wuya har ƙaramin yatsana yana shiga. Bansan cewa akwai wani ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗan juyawa da makulli ya miƙar da shi ba, bansan ana sauke gadar da tsirkiya ke hawa ba, na ɗauka haka bes take, sai mai ƙarfi. Amfilifaya ɗin da nake da shi kuma ɗan ƙarami ne mai wat 15, in mai ganga ya fara duka ba ka jin kanka ko kaɗan, toh sai na koyi fizgar tsirkiya da iya ƙarfina don a ji ni. Yatsuna suka yi bororo suka fashe suka yi kanta, ina ta nunawa abokai ina alfahari. A nan ciwona ya samo asali, shekaru kafin ya bayyana.

Akwai wani dattijo da ya koya min, Baba muke ce masa dukkanmu. Bes ɗaya gareshi tun da na sanshi, tsohuwar Precision fentinta duk ya goge a wajen da hannu ke kwanciya, da tsirkiya masu santsi waɗanda bana jin ya taɓa canzawa a gabana. Ranar farko da ya ga ina kiɗa bai bari na kai ƙarshe ba, ya kama wuyan hannuna na dama ya ɗaga yace, ɗana kiɗa kake ko kokawa kake da ita? Ƙara murya a amfilifaya ka rage ƙarfi a hannu, wutar lantarki aka biya ta yi wannan aikin ba jijiyarka ba. Nace toh Baba. Amma a raina cewa nayi tsoho ne, zamaninsa ya wuce, kiɗansa ma duk a hankali ne babu wani abin burgewa. Abinda babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ni na ga wannan a jikina.

Sai kuma na ji Jaco Pastorius, wani mai bes ɗan Amurka. Duk mai bes ya san me nake nufi, akwai rayuwarka kafin ka ji shi akwai bayan ka ji shi. Mutumin nan ya cire ƙarafunan wuyan Jazz Bass ɗinsa ƙirar 1962 ya cike gurabensu ya shafe wuyan da wani danƙo mai tauri, bes ta koma tana waƙa kaman muryar mutum, ga gudu ga tsafta, a 1976 ya fitar da faifansa na farko ya kuma shiga ƙungiyar makaɗa ta Weather Report, a 1987 ya rasu yana ɗan shekara 35 kacal. Na haukace a kansa gaskiya. Ga kuma salon bugun babban yatsa da wani mai bes Larry Graham ya fito da shi, shi kam lalura ce ta sa, suna wasa da mahaifiyarsa babu mai ganga sai ya mai da babban yatsa ya zama babbar ganga, fizgar tsirkiya ta zama ƙaramar. Ni ban ɗauki dalilin ba, ƙarar kawai na ɗauka. Na koma ina gwaji awa 5 awa 6 a rana ba hutu, in hannu ya fara zafi ince alamar ci gaba ce.

A wannan lokacin ne na faɗa cikin musun kayan kiɗa, kun san yadda muke in mun haɗu. Wannan yace Precision ce uwa, tun 1951 Leo Fender da ya ƙera ta ya gama magana, ɗayan yace a'a Jazz ta 1960 ce, wuyanta siriri kuma fikof biyu gareta, wato abin ɗaukar sautin tsirkiya, kana iya haɗa sauti yadda kake so, wani yace ku duka kun makara, Music Man StingRay ta 1976 mai batir a ciki ita ce ke yanka ta cikin kowace hayaniya. Sai a koma kan tsirkiya, masu santsi ko masu kaushi irin na Rotosound, sai a koma kan amfilifaya a ce in ba Ampeg SVT ba ai wasa kake, wat 300 da akwati mai sifika 8, tun 1969 ake yinsa, kansa kaɗai ya kusa kilo 40. Muna iya kwana muna wannan. Kuma har yau ina son hirar nan, ban raina ta ba, akwai ilimi a ciki sosai. Abinda ke min ciwo shi ne duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin ɗayanmu ya tambayi ɗan uwansa yaya hannunka ba. Ko sau ɗaya.

Na ci bashi na sayi bes mai tsirkiya biyar, doguwa mai inci 35 maimakon 34 da aka saba, nauyinta ya haura kilo 5. Kyakkyawa ce ba ƙarya, in ka taɓa tsirkiya ta biyar ɗin nan wato B ƙasa har rawa take. Na saki maɗaurinta ta sauko har cinya saboda haka na ga wasu suna yi a hoto, wanda ke nufin hannun hagu sai ya karye sosai kafin ya kai ƙarshen wuya, in na zauna gwaji kuma hannun dama yana kwance a gefen jikin bes a lanƙwashe kaman ƙugiya. Lokacin kuma aiki ya buɗe min, dare 4 ko 5 a sati muna wasa, wani lokaci awa huɗu a tsaye, ga ɗaukar akwatin sifika hawa da sauka. Na yi aure, an samu ƙaruwa, ga bashi, toh wa zai ce ya huta.

Abin ya fara ne da dare. Sai in farka wajen ƙarfe uku in ji hannun dama kaman ba nawa ba, babban yatsa da manuni da na tsakiya suna min kaman ana tsira allura, sai na yarfe na yarfe kafin ya saki. Nace kwanciya ce nayi a kansa. Daga nan ya koma kullum. Na fara shan maganin kashe ciwo kafin mu hau dandali, ina sawa a aljihun jakar bes kusa da makullan gyara. Matata ce ta fara lura, wata safiya ina ta fama da maɓallin rigar yaronmu na kasa sakawa, tana tsaye tana kallona, tace Baban yara hannun nan fa ba lafiya ba, don Allah kaje asibiti. Na ɗaga mata murya nace gajiya ce. Har yau in na tuna yadda ta yi shiru ta durƙusa ta ƙarasa saka maɓallin sai inji kunya ta rufe ni. Tsoro ne yake cina ba komai ba, ina ganin ranar da na furta cewa hannuna ya samu matsala ranar za a nemo wani a madadina.

Sama da shekara ɗaya nayi ina ɓoyewa.

Daren da asiri ya tonu ba zan manta ba. Muna tsakiyar wata waƙa mai sauri, wajen cike da mutane, sai kawai naji yatsuna biyu sun daina gaya min inda tsirkiya take. Ina ganinsu da idona suna motsi amma bana jin sun taɓa komai, kaman na sa safar hannu mai kauri. Na tsallake bugu, na sake tsallakewa, mai ganga ya juyo ya kalle ni, shekara shida muna tare bai taɓa min irin wannan kallon ba, ba fushi bane tambaya ce. Na juya na koma bugawa da babban yatsa shi ma ya ƙi. Sai na dafe tsirkiyoyin da tafin hannu na tsaya. In bes ta tsaya a tsakiyar kiɗa mutane ba su san me ya ɓace ba amma kowa sai yaji kaman an zare ƙasa a ƙarƙashinsa, masu rawa suka fara waige waige, mai kibod ya yi maza ya cike da hannun hagunsa har aka kai ƙarshe. Na sauka na shiga bayan dandali na zauna a kan akwatin sifika, hawaye na zuba na kasa ko zuge zif ɗin jakar bes.

Likitan da ya duba ni bai yi wani dogon bincike ba da farko. Yace in haɗa bayan hannuwana biyu in lanƙwasa su in riƙe na minti ɗaya, ko rabi ban kai ba yatsun suka ɗau tsira. Ya ɗan ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannuna naji kaman wutar lantarki ta ja ni har kan yatsa. Sannan ya ajiye hannuwana biyu a kan tebur yace Malam duba nan, naman dake gindin babban yatsan dama ya faɗa, ya fi na hagu ƙanƙanta, ni da hannuna ban taɓa lura ba. Ya min bayani cewa a wuyan hannu akwai wani matsattsen lungu, ƙashi ta ƙasa wani tauraren zare ta sama, ta nan jijiyoyin dake lanƙwasa yatsu suke wucewa tare da jijiyar dake kai ji zuwa babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin na kusa da ƙarami. In wajen ya kumbura ko ana yawan lanƙwasa hannu ana aiki da ƙarfi sai a matse jijiyar jin, shi yasa ƙaramin yatsana lafiyarsa ƙalau, shi wata jijiyar ce daban ke kula da shi. Aka min gwajin da ake auna saurin saƙo a jijiya da 'yar wuta, sakamako ya nuna na dama ya yi nisa, na hagu ma ya fara. Nace Likita zan sake kiɗa? Yace da ka zo tun farkon farkawar dare da wataƙila abin ɗaure hannu da hutu da gyaran yadda kake riƙe kayan sun isa, yanzu kam sai aiki, kuma ba zan maka alƙawarin duk jin zai dawo ba.

Na hagu aka sa masa abin ɗaurewa da dare aka yi masa allura ya lafa. Na dama aka yanka, aka tsaga zaren nan na sama don jijiyar ta samu sarari. Aikin kansa bai daɗe ba, abinda ya biyo baya ne mai tsawo. Ƙungiya ta ɗauki wani, kuma ban ga laifinsu ba suma iyali garesu. Na sayar da mai tsirkiya biyar na biya bashinta, na sayar da amfilifaya, na sayar da 'yan akwatunan canza sauti da na tara ɗaya bayan ɗaya, ranar da mai sayen ƙarshe ya fita da kaya ɗakin ya koma fayau sai ƙugiyar bango da nake rataye bes. Matata ce ta riƙe gidan da ɗan abinda take samu, bata taɓa min gori ba ko da wasa, Allah ya saka mata da alheri.

Wata takwas ban saurari kiɗa ba. In naji rediyo a wani waje kunnena da kansa yake zuwa wajen bes, sai in tashi in bar wurin. Na daina ɗaukar wayar abokai, in an tambaye ni sai ince lafiya lau. Da rana ina matsa 'yar ƙwallon roba ina motsa yatsu yadda masu gashin ƙashi na asibiti suka koya min, da dare in kwanta ina kallon rufi ina tambayar kaina toh in ba mai bes bane ni wanene. Tun ina 17 ban san wani suna ba sai wannan. Babban yatsa da manuni suka dawo a hankali, na tsakiya kuwa kansa ya ƙi, har yau in na taɓa abu da shi kaman akwai takarda a tsakani.

Wata yamma aka yi sallama, na fito sai ga Baba, ya ƙara tsufa yana dogara sanda, wani yaro na biye da shi ɗauke da jaka. Shekara kusan bakwai rabona da shi, ban je gaishe shi ba duk lokacin da nake ganin na zama wani, kunya ta hana ni haɗa ido da shi. Bai ce min ai na gaya maka ba. Ya zauna yace mu ga hannun, ya shafa tabon da yatsansa ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yaron ya buɗe jakar. Wata 'yar guntuwar bes ce mai inci 30, kwaikwayon Mustang ɗin da Fender suka fitar a 1966, mara nauyi, ya sauke tsirkiyarta ƙasa sosai ya sa mata marasa kauri. Nace Baba yatsa ɗaya ya mutu, da me zan buga. Yace ɗana, James Jamerson da yatsa nawa ya buga? Na yi shiru don na sani, duk mun sani, mutumin da ya riƙe kiɗan kamfanin waƙa na Motown a birnin Detroit na Amurka da Precision ɗinsa da manuni kaɗai yake fizga, har suna aka sa wa yatsan, ƙugiya. Baba yace amma kar ka kwaikwayi tsayin tsirkiyarsa, shi daga babbar bes ta tsaye ya fito hannunsa ya saba, kai yatsan kawai zaka ara.

Ya jona ta a ɗan amfilifayan da ya zo da shi ya murɗa murya sama fiye da yadda na taɓa sawa, yace taɓa, kar ka ja, taɓa kawai. Na ɗora manuni a kan E na ɗan shafa. Sautin da ya fito ya cika ɗakin, mai kauri mai zagaye, ya fi duk wanda na taɓa fitarwa lokacin da nake fizga da ƙarfi, saboda in ka ja tsirkiya da tsiya bugun farko ne ke ƙara sai sautin ya shaƙe ya mutu da wuri, in ka taɓa a hankali kuwa sai ta yi numfashi. Naji shi a ƙirji kaman ina jingine da akwatin Kawu. Matata tana bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi.

Minti 10 ya yarda in yi a rana, ya sa ta ta riƙa duba agogo. Bayan sati biyu 15. Ya ɗaga maɗaurin bes ɗin har ta zo daidai ciki yadda tsaye da zaune duk waje ɗaya take, ya ɗaga kan wuyan sama don hannun hagu ya miƙe, ya hana ni matse wuya da babban yatsan hagu, har yakan sa in cire shi gaba ɗaya in danna nota don in ga ashe ƙarfin da ake buƙata kaɗan ne. Na koma sauraron Family Man da kunnen babba, sai a lokacin naji wuraren da yake yin shiru, ashe rabin abinda ke jan mutum a kiɗansa inda bai buga bane. Jaco ma da na koma masa na tarar ba gudun ne ya sa ya zama Jaco ba, yadda yake riƙe lokaci ne da yadda kowace nota ke da farko da ƙarshe, ni da can saman kawai na kwasa.

Sai da na shekara biyu da wani abu kafin na sake hawa dandali, kuma ba kaman da ba. Yanzu dare ɗaya ko biyu a sati, sauran lokacin ina koyar da yara ina gyaran bes, saita wuya da gada da tsirkiya, aikin da da na san shi ina 17 da labarin nan bai faru ba. Akwai kiɗan da ba zan ƙara iya bugawa ba, masu gudun nan sun tafi, wani lokaci in naji wani yaro yana zuba su sai wani abu ya tsaya min a maƙoshi, ba zan ɓoye muku ba. In sanyi ya yi tabon yana min tsami. Baba ya rasu bara, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, 'yar guntuwar bes ɗin tana nan wajena, na je mayarwa iyalansa suka ce ai ya bar wasiyya taka ce.

Yaron jiya kuwa na jira har aka tashi, yana naɗe waya na je na zauna kusa da shi nace ƙanena tun yaushe hannun yake tashinka da dare? Ya zaro ido yace Yaya wa ya gaya maka. Na buɗe tafin hannuna na nuna masa tabon. Yace wata uku kenan, kuma bai faɗawa kowa ba. Na karɓi bes ɗinsa na duba, ƙaramin yatsana ya shige tsakanin tsirkiya da wuya. Na ce ya bar min ita zan saita, shi kuma ranar Litinin zan raka shi asibiti da kaina, ya ce toh, na karɓi lambarsa don kar ya zille.